Abin da ya sa Hausawan New York ke girmama Harry Belafonte

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi dattawanmu na unguwar Bronx, mutanen sahun farko a masallaci, suke ambaton wani mawaƙi wanda ba Musulmi ba da mutunci haka. Na san inda mamakinka ya fito. A gida mawaƙi shi ke bin sarakuna da attajirai, ya wasa su a ba shi riga ko mota. Belafonte kuwa, gidansa ake zuwa karɓar kuɗi.

A unguwar Harlem ta New York aka haife shi a 1927, mahaifiyarsa 'yar Jamaica ce mai aikatau a gidajen Turawa. Ya yi sojan ruwa, ya yi shara da goge-goge, kafin faifansa na 1956 mai suna Calypso ya sayu fiye da miliyan ɗaya, abin da kundin waƙoƙin wani mawaƙi shi kaɗai bai taɓa yi ba kafin nan. Duk da wannan suna, da ya nemi hayar gida a Manhattan hana shi aka yi saboda launin fatarsa. Sai ya zagaya ta bayan fage ya saye ginin gaba ɗaya. Mutanenmu suna jin daɗin wannan labari, domin da yawanmu sun taɓa buga waya a kan ɗakin haya a ce akwai, mutum ya isa da babbar rigarsa a ce ai yanzun nan aka kama.

A 1956 ɗin ya haɗu da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka, a wani coci a Harlem, kuma daga ranar dukiyarsa ta zama ta gwagwarmaya. Lokacin da aka tsare King a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, aka cika gidajen yari da masu zanga-zanga har da 'yan makaranta, Belafonte ne ya tashi tara kuɗin beli. A 1964 kuɗin masu yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe a Mississippi ya ƙare ƙaf, ga shi an kashe uku daga cikinsu. Tura kuɗi ta banki a wannan jiha tona asiri ne. Shi da abokinsa Sidney Poitier, ɗan wasan fim, suka cusa dubban daloli a jaka, suka sauka garin Greenwood da daddare, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata, suka biyo motarsu a guje. Mutumin da zai iya zama a gidansa ya ci arzikinsa ke nan.

To ina ruwanmu? Wannan gwagwarmaya ce ta haifi dokar 1964 da ta hana wariya a otal da wurin aiki, da dokar zaɓe ta 1965. A guguwar ne kuma, a 1965, aka soke tsarin shige da fice da ya fifita mutanen arewacin Turai. Ta wannan ƙofa muka shigo, da na zangunan Kumasi da Accra, da na Maradi, da mu na Kano. Belafonte kansa bai manta Afirka ba: ya tallafa wa mawaƙiya Miriam Makeba lokacin da ta baro Afirka ta Kudu, kuma shi ya kawo shawarar waƙar da aka yi a 1985 don tara wa Habasha agajin yunwa.

Shi ya sa idan baƙo ya sauka, bayan an ba shi katifa an sa shi a adashi an nema masa tuƙin tasi ko gadi, akwai faɗan da manya ke yi masa. Sabon zuwa yana da saurin raina baƙaƙen Amurka, ya ce malalata ne, mu daban ne. Sai a tuna masa Amadou Diallo, ɗan Guinea, Musulmi mai talla a bakin titi, wanda 'yan sanda suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa a nan Bronx a 1999. Ba wanda ya tambaye shi daga ina ya zo. Kuma baƙaƙen nan da ake rainawa su suka fi cika titi suna neman haƙƙinsa.

Kada ka ɗauka kiɗansa muke sawa a majalisa. Cikinmu akwai malaman da har gobe ba sa sauraron kiɗa, kuma ba su sauya ba. Su ma da ya rasu a watan Afrilun 2023, yana da shekara 96, abin da suka ce shi ne ya yi wa baƙar fata hidima.

Inda muke samun saɓani a kan yara ne. Waɗanda aka haifa a nan suna ɗaukar tarihin Belafonte nasu ne, wasu ma a laburaren titi na 115 a Harlem, wanda aka sa wa sunansa, suke aikin makaranta. Idan an fita zanga-zanga sai su ce za su je. Iyaye da yawa, musamman waɗanda takardunsu ba su gama fitowa ba, cewa suke a zauna a gida, nema muka zo. Ni nakan bar nawa su je, da sharaɗin su dawo kafin isha'i.