Tambaya da Amsa: Hawa Zuwa Tsohuwar Hasumiyar Gadin Gobara a Dutsen Black Elk

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Dakota ta Kudu da ke Amurka, kuma abokan karatuna sun shirya mu hau Dutsen Black Elk a watan Yuli domin mu ga wata tsohuwar hasumiya da ke ƙololuwarsa. Ban taɓa hawa dutse mai tsayi haka ba. Mene ne aikin hasumiyar tun asali, kuma wanda bai saba ba zai iya kaiwa can?
Daga wani ɗalibi, Amurka.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duk mai ƙoshin lafiya zai iya kaiwa, kuma ina ba ka shawara ka je, sai dai da sharaɗi guda wanda zan zo kansa.

Hasumiyar ta masu gadin gobarar daji ce. A watan Agustan 1910 wata gagarumar gobara ta cinye daji kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana da Washington, mafi yawansa cikin kwana biyu, ta kuma hallaka mutane fiye da 80, galibinsu masu kashe wuta. Wannan masifa ta sa hukumar kula da gandun daji ta Amurka ta ƙudurta cewa dole a riƙa hango hayaƙi tun yana ɗan siriri, sai aka yi ta kafa wuraren gadi a kan duwatsu. Ginin dutsen da za ku gani matasan rundunar CCC ne suka yi shi a shekarun 1930, wato rundunar da Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa a 1933 domin samar wa matasa aikin yi a lokacin karayar tattalin arziki. An daina ajiye mai gadi a wurin a 1967, bayan da jiragen sama suka karɓe yawancin aikin sintiri.

Idan ka shiga ɗakin sama, ka ɗan dakata ka yi tunanin yadda aikin yake, domin a ganina wannan ne ladan hawan. A irin waɗannan ɗakuna, waɗanda tagogi suka kewaye ta kowace fuska, ana girka wata na'ura mai suna Osborne a tsakiya: faifai ne mai ɗauke da taswirar yankin, da zobe mai juyawa wanda aka kafa wa abin saiti. Da zarar mai gadi ya hango hayaƙi sai ya juya zoben ya saita shi, ya karanta kusurwar, ya buga waya ya sanar. Idan mai gadin wani dutsen ma ya ba da tasa kusurwar, sai a ja layuka biyu a taswira, inda suka haɗu nan wutar take. Wahalar aikin ita ce bambance hayaƙi da tururin da ke tashi daga kwari bayan ruwan sama, ga kuma itacen da aradu ta faɗa wa, wanda kan yi kwanaki yana ci a ɓoye kafin ya tashi.

Hanyar da aka fi bi tana farawa daga Tafkin Sylvan a gandun Custer, inda ake biyan kuɗin shiga. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 11 ne, kuma yawancin mutane kan yi awa 4 zuwa 5. Tsayin dutsen ya kai kimanin mita 2,200, shi ne mafi tsayi a jihar Dakota ta Kudu, don haka kada ka yi mamaki idan ka ji kana haki fiye da yadda ka saba. Ƙarshen hanyar matakala ce ta dutse da ta ƙarfe. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, ka ɗauki ruwan sha wadatacce da rigar sanyi, domin iskar ƙololuwa tana da kaifi ko da a tsakiyar zafi.

A kusa da ƙololuwar za ka ga ƙyallaye masu launi an ɗaure a jikin itatuwa. Na addu'ar mutanen Lakota ne, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda wannan dutse yake da alfarma a wurinsu, saboda haka kada a taɓa su. Da can sunan dutsen Harney, sunan wani janar da dakarunsa suka kashe 'yan Lakota har da mata da yara a 1855, sai a 2016 aka sauya shi zuwa sunan Black Elk, babban dattijon addininsu.

Sharaɗin da na ambata shi ne tsawa. A watannin Yuli da Agusta hadari yakan haɗo a waɗannan duwatsu da rana tsaka zuwa la'asar, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma wurin da ya fi ko'ina tsayi shi aradu ta fi nema. Masu gadin da kansu, idan hadari ya taso, kan hau wata 'yar kujera mai ƙafafun gilashi su zauna ba tare da taɓa wani ƙarfe ba har ya wuce. Da sanyin safiya ake kama fara, don haka ku yi sammako, ku kai sama da hantsi, ku fara gangarowa kafin azahar. Idan kuka ji rugugin tsawa kuna hanya, ku juya nan take ko da hasumiyar tana gabanku kuna ganinta, kuma idan abokanka suka nace sai sun ƙarasa, kada kunya ta sa ka bi su.