Tambaya da Amsa: Oga ya ce sai Corel, ni kuma Linux na sani

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Tun ina jami'a na fara amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, na karanta manufar manhajoji masu 'yanci na gamsu sosai, har na goge Windows daga laftof ɗina gaba ɗaya. Toh yanzu Allah ya sa na samu aiki a wani shagon zane da ɗab'i a Fagge, muna yin katin biki da kalanda da fosta, kuma duk kwamfutocin shagon Windows ne da CorelDraw da Photoshop, dukkansu kirak ne, wato an fasa makullinsu ne, ba wanda aka saya. Na yi wa oga maganar Inkscape, manhajar zane mai 'yanci, ya ce in daina cika shi da surutu kwastoma na jira. Wallahi abin na damuna, ji nake kamar ina faɗin abu ina aikata wani daban. In bar aikin ne ko yaya? Daga mai karatu a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka bar aikin. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, don ba kowane matashi ba ne ma yake tsayawa ya tambayi kansa wai manhajar da nake aiki da ita waye yake da iko a kanta, ni ko kamfanin da ya yi ta.

Manufar da ka gamsu da ita abu huɗu take nema wa mai amfani: ya yi aiki da manhaja yadda yake so, ya iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara, ya ba wani kwafi, ya kuma raba gyaran da ya yi. Richard Stallman ne ya kafa wannan tafiya a Amurka lokacin da ya sanar da aikin GNU, wato gina cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta mai 'yanci, a 1983, kuma mutum ne mai tsauri wanda ko wayar salula ba ya riƙewa. Amma duk da tsaurin nan a kan Unix, wani tsarin tafiyar da kwamfuta mallakar kamfanoni, suka fara rubuta GNU, saboda babu wani abin da za su hau a lokacin, suna cire ɓangare ɗaya suna sa nasu, a haka aka tafi shekaru har Linus Torvalds ya fito da Linux a Finland a 1991 sannan aka samu cikakken tsari. Kaga kenan zama a kan abin da ba ka so kana canza shi kaɗan kaɗan, a cikin tarihin tafiyar yake tun farko.

Kuma ka yi wa oganka adalci, yana da hujja. Kwastoma zai shigo da fayil ɗin cdr, wato na CorelDraw, a filashi, mai injin buga bana (banner) shi ma cdr yake so a kai masa, Inkscape kuwa yana iya buɗe cdr amma sau da yawa rubutu ya goce ko wani abu ya ɓace, sannan ga matsalar kala, injin ɗab'i da CMYK, tsarin kalar tawada, yake aiki shi kuma Inkscape a RGB, tsarin kalar sikirin, ya fi zama, sai ka ga jan da amarya ta zaɓa a sikirin ya fito wani iri a katin. Wa zai biya kuɗin takarda da tawadar da aka ɓata? Oga ne. Ko birnin Munich na Jamus da ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma cikin koke-koken ma'aikata har da wahalar musayar fayil da wasu ofisoshi. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus da ta sanar da nata shirin komawa Linux a 2024 na kwamfutoci kusan 30,000, da LibreOffice, manhajar ofis mai 'yanci da take madadin Word da Excel, ta fara kafin ta taɓa Windows ɗin.

Inda ni ba na yin rangwame shi ne maganar kirak, kuma gaskiya ita ta fi damuna a wasiƙarka. Manhajar kirak ba 'yancin, ba kuma halaccin, haƙƙin wani ne aka ɗauka, sannan yawanci sai an kashe maganin bairos kafin ta shiga, wato kun buɗe ƙofa da hannunku ga duk abin da wanda ya fasa ta ya cusa a ciki, a kan kwamfutar da take ɗauke da zanen mutane da hotunan iyalansu. Ta nan za ka shiga wa oga. Kar ka ce masa wai Linux kyauta ne, a Kano wannan ba hujja ba ce, don da 'yan kuɗi kaɗan za a loda masa komai a Beirut Road ko Farm Centre. Ka tambaye shi in aka wayi gari bairos ya kulle duk aikin shekara a tsakiyar lokacin fostar siyasa, nawa zai yi asara. In Corel dole ne, toh a sayi lasisi na gaske ko da na kwamfuta ɗaya ce wadda ake kammala aiki a kanta.

Sauran kuma ka fara da abin da yake hannunka. Laftof ɗinka naka ne, bar shi a Ubuntu. Duk aikin da ka gama ka ajiye kwafi a PDF ko SVG (wani buɗaɗɗen tsarin fayil na zane), ta yadda ko bayan shekara goma za a buɗe shi ba sai da manhajar kamfani ɗaya ba. Rasit da lissafin shago LibreOffice zai yi su tsaf, Firefox da VLC kuwa wataƙila ma suna kan kwamfutocin ba wanda ya san masu 'yanci ne. Ka koyi Scribus da kyau, manhaja ce mai 'yanci ta tsara shafi don ɗab'i, shi yana fitar da PDF mai CMYK, ka gwada shi a ƙaramin aiki ka nuna wa oga abin da injin ya buga a takarda. Kuma tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba, in akwai wata da aka jingine a lungu roƙi izini ka sa mata Linux Mint a riƙa taifin da ita. Amma don Allah ba ana gobe za a karɓi katin biki ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Malam ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Hotoro. Da LibreOffice nake rubuta takardu, amma in na tura wa shugabar makaranta ta buɗe a Word sai layuka su hargitse, har ta fara faɗa. Me zan yi?

AMSA: Malama yawanci laifin salon haruffa ne. Ita tana da Calibri da Times New Roman, ke wataƙila ba ki da su, sai kwamfutarki ta sa wasu masu faɗi daban shafi ya goce. Ki sa salon haruffa na Carlito, an yi shi daidai da faɗin Calibri, Liberation Serif kuma daidai yake da Times New Roman. Takardar da karantawa ko bugawa kawai za a yi ki tura ta a PDF, ba abin da zai motsa. Wadda Hajiya za ta yi gyara a ciki ki ajiye mata a docx na Word, ke kuma ki riƙe asalin a odt na LibreOffice, sannan ki rage cusa akwatunan rubutu da tebur a cikin tebur, su suka fi wargajewa.