Kada ka buɗe masa keji haka kawai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka saki akun da ka raina tun yana ɗan tsako, tunda zamansa a keji ya fara damunka. Niyyarka mai kyau ce, amma ni dai ban goyi baya ba.

Tsuntsun da ya tashi a hannun mutum bai iya neman abinci ba, bai san shaho da mage abin gudu ba ne, fuka-fukansa kuma ba su saba da dogon tashi ba. Lura da shi in ya ji ƙarar kwanon abincinsa, wurinka yake nufowa. A waje ma haka zai sauka kusa da duk wanda ya gani, a cafke shi. Ga batun cuta: aku yakan ɗauki ƙwayar cuta mai kama har mutum ba tare da wata alama ba, sai ya je ya shafa wa na daji.

Ka nemi likitan dabbobi ko cibiyar kula da namun daji. Su ne ke da ƙaton kejin da zai motsa jiki, ya saba da 'yan'uwansa, kafin a ga ko zai saku. Wanda aka kama da girmansa kwanan nan kuma lafiyarsa ƙalau, shi kam a mayar da shi inda aka kamo shi, da sassafe.

Kuma don Allah kada tausayi ya sa ka sayi wani don ka 'yanta shi, kuɗinka ne zai sake tura mai tarko daji. Aku mai ruwan toka da jan wutsiya ya yi ƙarancin da a 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare namun daji masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe.