Ku Tambaye Mu: Da gaske ana samun man dizal daga gurɓataccen ruwa?

TAMBAYA: Na ji an ce a wasu ƙasashe ana kiwon ƙananan halittu a cikin ruwan dattin masana'antu, sannan a tatsi mai daga jikinsu a mayar da shi dizal. Shin gaskiya ne? Idan haka ne, me zai hana a yi amfani da ruwan da majemun Challawa da Sharaɗa suke zubarwa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ilimin ba sabo ba ne, domin tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko masana a Jamus suka gwada samar da kitse daga yis saboda ƙarancin abinci. Halittun da ake magana a kansu su ne wasu nau'o'in yis, irin su Yarrowia lipolytica da Lipomyces starkeyi, da kuma gansakuka mai ƙwaya ɗaya irin Chlorella, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Masana suna lissafa halitta a cikin masu mai ne idan kitse ya haura kashi 20 cikin 100 na nauyinta bayan an busar da ita, wasu nau'o'in yis kuwa sukan kai kashi 60 ko fiye.

Dabarar tana kama da turkar rago. Ana wadata halittar da abinci mai sinadarin kabon, kamar sukari, sannan a tauye mata naitirojin. Da zarar naitirojin ya ƙare sai ta daina hayayyafa, amma ba ta daina ci, don haka sai ta riƙa tara abin da ta ci a matsayin kitse a cikin ƙwayarta. Daga nan a tace ta daga ruwa, a fasa ƙwayoyin a fitar da man, a haɗa shi da metanol, wani nau'in sinadarin alkohol, da 'yar sodar da ake yin sabulu da ita. Abin da yake fitowa shi ne dizal, tare da gilisirin kimanin kashi 10 cikin 100, wanda shi ma ana iya mayar wa yis ya ci.

To, a nan ne tambayarka ta biyu take da nauyi, domin ba kowane gurɓataccen ruwa ne abinci ba. Wanda ya fi dacewa da yis shi ne na masana'antun abinci: baƙin ruwan da yake saura bayan an fitar da sukari daga rake, tsararon kamfanonin madara, da ruwan wankin rogo. Ruwan kwatar gari kuwa naitirojin ya yi masa yawa, kabon ya yi kaɗan, saboda haka gansakuka takan yi yabanya a cikinsa amma ba ta yin kitse sosai. Ruwan majema ya fi duka wuyar sha'ani, saboda gishiri da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi, waɗanda suke kashe halittun ko su maƙale a jikinsu, har tukar da ta saura ta zama ba a iya ba dabba ko zubawa a gona. Dole sai an fara cire waɗannan, kuma wannan kuɗi ne.

A ganina babban cikas ba abincin ba ne, girbin ne. A buɗaɗɗen tafkin kiwo, lita guda ta ruwa ba ta cika ba da abin da ya wuce rabin giram na busasshiyar gansakuka ba, ke nan sai an raba ta da ruwa mai ɗimbin yawa kafin a ga mai cikin cokali. Yis ya fi yawa a kowace lita nesa ba kusa ba, sai dai yana buƙatar rufaffen tanki da iskar da ake hura masa dare da rana, wato wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

Manya ma sun gwada sun ja da baya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta gudanar da shirin binciken gansakuka daga 1978 zuwa 1996, ta tattara nau'o'i kusan 3,000, sannan ta rufe shi a lokacin da ɗanyen mai yake da arha. Kamfanin Solazyme, wanda har ya sayar wa sojojin ruwan Amurka irin wannan mai, ya koma harkar abinci da sunan TerraVia, ya kuma durƙushe a 2017. Kamfanin mai na ExxonMobil ya shiga harkar a 2009, ya janye bayan shekaru fiye da goma.

Inda abin ya fi yin ma'ana shi ne inda aka ɗauki tace ruwan a matsayin ainihin aikin, makamashin kuma ya zama gyara. A garin Chiclana na ƙasar Sifen, shirin All-gas ya yi kiwon gansakuka a ruwan kwatar gari, amma maimakon dizal sai aka ruɓar da ita aka samu iskar gas ta tuƙa motoci, domin wannan hanyar ba ta buƙatar a busar da ita tukuna.