Tseren babur marar birki

Tambaya: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a Zango, Damagaram. Na ga bidiyon wasu samari suna tsere kan babur a fili mai ƙura, suna jan ƙafar hagu a kwana. An ce baburan ba su da birki. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, ƙanena. Sunan wasan speedway. Babur ɗin ba birki, giya ɗaya tak, injin cc 500, kuma ba esansi yake sha ba, wani sinadari mai kama wuta da ake kira methanol ake zuba masa. Mutum huɗu ke tashi tare, su zagaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. In an zo kwana, matuƙi yakan sa tayar baya ta zame gefe, da haka yake rage gudu.

Gasar ƴan ƙasa da shekara 21 ta fara a 1977 a matsayin gasar Turai, ta zama ta duniya a 1988, ƙarƙashin FIM, hukumar wasannin babur ta duniya. Tun 2022 ake kiranta SGP2. Ƴan Poland sun fi kowa shahara; Bartosz Zmarzlik ya ci ta a 2015 kafin ya zama zakaran manya.

Amma don Allah kar ka gwada a hanyar Mirriya da fasinja a baya. Su ƴan tseren da kwalkwali da rigar kariya suke, ga motar asibiti a bakin fili.