Amsa ga mai tambaya kan shekarar 2045 da karatun ɗansa

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ɗanka ya kammala sakandare yana son karanta kimiyyar kwamfuta, amma ka ji ana cewa nan da 2045 na'ura za ta zarce ɗan Adam a basira har ta riƙa inganta kanta ba da hannun kowa ba, shi ya sa kake tsoron zuba kuɗi a karatun da zai mutu kafin yaron ya ci moriyarsa. Na daɗe ina rubuta manhajoji ga 'yan kasuwa a nan Kaduna, ina kuma koyar da matasa wannan aiki a Tudun Wada, don haka ga abin da na sani.

Saurin da ake magana a kai gaskiya ne. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a wasan ces, kuma sai da aka yi shekara 19 kafin manhajar AlphaGo ta doke ƙwararren ɗan wasa Lee Sedol da ci 4 da 1 a wasan Go, wanda ya fi ces sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Daga nan tazarar ta matse. A 2017 masu bincike na Google suka fito da tsarin da ake gina manhajojin hira a kansa, a Nuwamban 2022 ChatGPT ta fito, aka ƙiyasta masu amfani da ita sun kai miliyan 100 cikin wata biyu, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper suka samu rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda manhajar da ke hasashen siffar furotin. Abin da ke tura wannan gudu shi ne ƙarfin kwamfuta da ke ninkuwa, da tarin rubutun da ke intanet wanda ake koyar da na'urar da shi, da maƙudan kuɗin da kamfanoni ke zubawa suna rige-rige.

Batun 2045 kuwa hasashe ne, kuma yana da asali. A 1965 wani masanin lissafi ɗan Ingila, I. J. Good, wanda ya yi aiki tare da Alan Turing lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ce idan aka ƙera na'urar da ta fi mutum basira, to za ta fi mutum iya ƙera na'ura, wadda ta ƙera kuma za ta ƙera wadda ta fi ta, haka abin zai yi ta hauhawa har ya fi ƙarfin fahimtarmu. Ray Kurzweil, wani marubuci kan makomar fasaha, shi ne ya sa ranar, inda ya ce na'ura za ta kamo mutum a 2029, sannan a kai waccan gaɓar a 2045, kuma ya samo lissafinsa ne ta hanyar ɗauka cewa ninkuwar da aka gani a baya za ta ci gaba ba tsayawa. Nan ne nake da ja. A wannan 1965 ɗin Herbert Simon, ɗaya daga cikin magabatan binciken basirar na'ura, ya ce cikin shekara 20 na'ura za ta iya duk aikin da mutum ke yi; shekaru kaɗan bayan haka kuɗin bincike a fannin ya ƙafe a Ingila da Amurka. Marubuci Vernor Vinge ya ba da wa'adin shekara 30 a 1993 na samuwar basirar da ta zarce ta mutum, wa'adin kuma ya cika ya wuce. Ko yau manyan fannin ba su daidaita ba: Geoffrey Hinton ya bar Google a 2023 don ya samu damar gargaɗi kan haɗarin, shi kuma Yann LeCun, wanda suka karɓi kyautar Turing, babbar kyautar kimiyyar kwamfuta, tare, yana ganin manhajojin hira na yanzu ba za su kai mu basirar mutum ba.

Akwai kuma lantarkin da waɗannan na'urori ke ci, wanda mu ba ma buƙatar a yi mana bayaninsa. A 2024 Microsoft ta ƙulla yarjejeniyar farfaɗo da wani ɓangare na tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, mai ba da megawat sama da 800, domin cibiyoyinta na sarrafa bayanai. Nijeriya gaba ɗaya galibi tana raba tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000.

Amma kada rashin tabbacin ranar ya sa ka saki jiki, domin abin da ya riga ya iso ya isa ya sauya sana'a. Wani almajirina ya karɓi aikin manhajar lissafin kaya daga mai shagon magani a Kawo. Aikin da a da yake cin makonni, ya gama shi cikin yini da taimakon ɗaya daga cikin manhajojin hira irin ChatGPT, shafukan sun yi kyau, rasit yana fita tsaf. Sai dai na'urar ta ɗauka cewa kwali ake sayarwa, alhali mai shagon yana saro kwali ne ya sayar da kati-kati, wani lokacin ma ƙwaya biyu ta wanda ba shi da kuɗin kati. Ba ta kuma tanadi gurbin bashi ba, a unguwar da littafin bashi ya fi na ciniki kauri. Lissafin riba ya fito da ƙarfin hali, kuma ba daidai ba ne. Wanda ya gano matsalar wani yaro ne da ya taɓa tsaron shago kuma ya iya bin manhajar layi-layi. Wanda ya iya yi wa na'ura umarni kawai bai ga komai ba.

Daga irin wannan na fahimci cewa aikin ƙananan ma'aikata, wato buga takardu da tsara shafi da rubuta manhaja mai sauƙi, shi ne ke fara araha, kamar yadda masu laimar kiran waya da suka cika bakin tituna bayan zuwan GSM a 2001 suka ɓace da kowa ya mallaki wayarsa. Abin da ke damuna shi ne, da irin waɗannan ƙananan ayyukan ne dukanmu muka koyi sana'ar, kuma yaran yanzu za su same su a hannun na'ura.

Saboda haka shawarata, Malam, ka bar shi ya karanta, amma da sharaɗi. Kada ya guje wa lissafi da ƙididdiga, domin su ne ƙashin bayan fannin, kuma su ne ɗalibai suka fi gudu. Ya fara rubuta manhaja da hannunsa kafin ya nemi taimakon na'ura, ko da hakan zai ɓata masa lokaci a shekarar farko. Lokacin hutu kuma ka tura shi wurin da ake aiki na zahiri, ko shagon magani, ko kanti a Kasuwar Barci, ko ofishin lissafi, ya ga yadda kuɗi da kaya ke shiga da fita. Idan yana da kwamfuta a gida, ka turo shi ajinmu na ranar Asabar in gwada shi, daga nan zan gaya maka inda ya kamata ya fara.