Yadda Amundsen ya tabbatar ya isa ƙuryar kudancin duniya

Malam, ka tambayi yadda Amundsen, ɗan ƙasar Norway mai tafiye-tafiyen bincike, ya tabbatar da isarsa ƙuryar kudancin duniya a Disamba 1911, alhali an ce kamfas ba ya aiki a can. Nan ake yawan kuskure: kamfas yana aiki, sai dai allurarsa tana bin ƙuryar maganaɗisu, wadda take nesa ƙwarai da ta ainihi.

Hujjarsa rana ce. Ayarinsa ya riƙa auna tsayinta da na'urar auna kusurwa da ake kira sekstan kowace sa'a, dare da rana (rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokacin), suna duban hotonta cikin zaiba, domin a ƙuryar ta ainihi kaɗai take kewaya sama kusan ba hawa ba sauka. Tazara kuwa, wata ƙafa mai juyawa a bayan keken da karnuka ke ja ce take ƙirga ta.

Lissafin yana da sarƙaƙiya, gara ka tuntuɓi masanin safiyo.